“Kafin In Samu Aiki”: Sharhi Kan Jimla Guda

Akwai wata jimla da na tabbata kowa cikinmu ya taɓa ji, ko a fada wajen shan shayi, ko a tashar Yamai, ko a gidan suna. Ka gamu da yayanka da ya gama lisansi bara ko bara waccan, ka ce masa: “Yaya, mi ake ciki yanzu?” Sai ya ɗan kau da kai ya ce: “Wallahi babu komi. Ina dai ɗan riƙe alli kahin in samu aiki.” Kai kuma ka ce Allah ya kawo mai albarka, ya ce amin, a wuce wurin.

Ni ɗan Maraɗi ne, ina karatun kimiyyar harshe a jami'a, kuma abin da aka fi hore mu a kai shi ne sauraro iri biyu: abin da mutum ya yi niyyar faɗa, da abin da jimlarsa ta faɗa ba da saninsa ba. Abokaina a wannan ɗan littafi sun yi sharhin waƙa da fim. Ni nawa sharhin na wannan jimla ne, domin a ganina ita ce ta fi kowace takardar ma'aikata bayyana halin da aikin koyarwa yake ciki a ƙasarmu, kuma ita ce ke jiran da yawa daga cikinmu a bakin ƙofar jami'a.

Mu warware ta kalma kalma. “Ɗan” ƙaramtawa ce, irin wadda ake yi wa abin da ba a so a ɗauka da nauyi, kamar a ce ɗan ciniki ko ɗan zazzaɓi. “Riƙe” kalmar ajiya ce. Abin da ka riƙe na wani ne, jira kake mai shi ya zo ka miƙa masa. “Kafin” ta sa wa zaman wa'adi tun ba a fara shi ba. Sai babbarsu, “aiki”. Mutum ya tashi da asuba, ya hau babur zuwa ƙauye, ya tsaya gaban yara sittin ko tamanin har rana ta take, ya dawo da tarin kaye yana gyara da fitilar waya, sannan ya ce yana jiran ya samu aiki. Ke nan abin da yake yi ɗin ba aiki ba ne a wurinsa. Aiki shi ne duwan, ko banki, ko furoje mai farar mota, ko biro mai sanyi a Yamai.

Har sunan da muke kiran mai wannan sana'a abin dubawa ne. A nan gefenmu “malam” na mai allo da tawada ne, shi ake durƙusa wa a gaida. Na lakwal kuwa “mushe” ne, daga kalmar Faransanci ta girmamawa, sai dai a rubuce ta yi daidai da sunan dabbar da ta mutu ba yanka, kuma ba yau ƴan fada suka fara wasa da wannan kamar ba. A Katsina, da ke nan kusa bayan Ɗan Isa da Jibiya, kalma ɗaya ce ke ɗaukar su biyun: malamin allo malam, malamin boko malam. Mu mun raba su, kuma girman ya bi guda ya bar guda.

Wa ya koya mana jimlar?

Ba daga sama ta faɗo ba. Iyayenmu da suka yi lakwal zamanin Diori da Kunce suna ba da labarin mushen gari a matsayin babban mutum: yana da lambarsa ta ma'aikacin gwamnati, wato matirikil, albashinsa na zuwa, shi ke karanta wa maigari takarda, kuma ba a ƙi ba shi aure. Abin ya fara sauyawa da tsare-tsaren tsuke bakin aljihu da Bankin Duniya da Asusun Lamuni suka kawo daga shekarun 1980. Gwamnati ta rage ɗaukar ma'aikata. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Shekarun 1990 suka cika da bashin albashi, yajin aiki, da shekarun karatu da aka soke ɗungurungum.

A 1998 aka fito da dabarar ƴan sa-kai na ilimi: matasa masu birbe ko bak da ake ba aji, da yawansu bayan ɗan gajeren horo, a biya su jika 35 a wata. Ba a ma kira kuɗin albashi ba, “pekil” aka ce. Daga baya suna ya koma malaman kwantaragi, kuma da shirin ilimi na shekara goma da aka fara a 2003, su ne suka zama mafi yawan malaman firamare a Nijar. A faɗi gaskiya, dabarar ta yi wani amfani. Wajen shekarar 2000 kusan yaro ɗaya cikin uku ne ke shiga firamare. Bayan shekara goma adadin ya haura biyu cikin uku. Ƙauyuka da yawa na Madarunfa, Gidan Rumji da Dakoro sun ga lakwal a karon farko ta wannan hanya.

Amma dubi abin da aka gina a kai. An ce wa saurayi ko budurwa: ga aji, ga yara, ba ka da matirikil, ba ka san ranar da za ka samu ba, kuɗinka kaɗan ne kuma yana iya makara. Duk wanda aka ɗauka a kan haka, an riga an faɗa masa cewa zamansa na wucin gadi ne. Gwamnati ce ta fara cewa “kafin”, mu kuma muka karɓa daga bakinta. Haka ma masu hidimar ƙasa bayan jami'a, da ake turawa koleji da lise su yi shekara biyu: wanda ya karanta aikin gona a ba shi lissafi, wanda ya karanta shari'a a ba shi Faransanci, ba tare da an taɓa nuna masa yadda ake tsara darasi ba.

Sakamakon bai ɓoyu ba. A gwajin PASEC na 2014, wanda aka yi a ƙasashe goma na Afirka masu amfani da Faransanci, yaran Nijar da ke ƙarshen firamare waɗanda suka kai matakin da ake buƙata a karatu ba su kai ɗaya cikin goma ba. A watan Yulin 2017, lokacin Daouda Mamadou Marthé na ministan ilimin firamare, aka zaunar da malaman kwantaragi sama da dubu 50 aka yi musu jarrabawa, duk da adawar ƙungiyoyin malamai. Kusan ɗaya cikin uku ne suka samu 10 bisa 20, aka soke kwantaragin dubbai. Ranar kowa ya samu abin dariya a gari: mushe ya faɗi jarrabawar ƴan CM. Kaɗan ne suka tambayi wanda ya ɗauke su aiki tun farko, da wanda ya bar su shekara da shekaru ba horo. Sannan ga ranar 8 ga Nuwamban 2021, da gobara ta tashi a azuzuwan zana na wata makaranta a nan cikin birnin Maraɗi, yara ƙanana sama da 25 suka rasu. Rumfar kara ita ma “kafin” ce: kafin a gina aji. Ta daɗe tana jira har ta ci rai.

In ɓera da sata

Duk wannan gaskiya ne, kuma ba zan ce wa wanda pekil ɗinsa ya yi wata biyu bai zo ba ya yi haƙuri don kishin ƙasa. Kishin ƙasa ba ya sayen tiyar hatsi. A garin da yaro ke tashi yana ganin Alhazai sun gina benaye da fatauci, yana ganin abokinsa da ya bar lakwal a CM2 ya buɗe shago a babbar kasuwa har ya yi aure, ba abin mamaki ba ne mai lisansi ya ji kunyar alli. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Akwai ɓangaren jimlar da namu ne, kuma wanda ke biyan kuɗinsa ba minista ba ne, yaro ne ɗan shekara bakwai.

A hutun da ya wuce na je Tibiri wajen gwaggona. Ɗanta yana CM1, kuma ya ce mini cikin shekara biyu malamai uku suka riƙe ajinsu: ɗaya ya ci konkur ya tafi, ɗaya ta bi mijinta birni, na ukun yana nan amma ranar kasuwa ba a cika ganinsa ba. Na ba shi littafinsa na Faransanci, ya karanta layi uku da murya mai daɗi, babu tuntuɓe. Na ce: “To, mi aka ce?” Ya yi shiru yana murza gefen riga. Sai na ɗauki bik na rubuta masa da Hausa cewa akuyar Inna ta cinye takardar mushe. Ya yi ta haɗa baƙaƙen da ƙyar, ya tsaya a kan ƙ da ɗ na wasu kalmomin da na ƙara masa don bai taɓa ganinsu ba, amma da ya kai ƙarshen jimlar akuya sai ya fashe da dariya. Wannan dariyar ita ce karatu. Abin da ya yi da farko rera sauti ne kawai.

Kowane ɗaya cikin malaman nan uku yana da hujjarsa, kuma ban raina ta ba. Sai dai shi yaron ba shi da “kafin”. Shekarar CI sau ɗaya take zuwa. Wanda ya shiga aji da zuciyar mai jiran mota ba zai tsaya ya gano wace yarinya ce ba ta ji sosai, wane yaro ne ke juya b da d, ko me ya sa ƴan bayan aji suka daina zuwa tun da aka fara girbi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma mu muna miƙa ɗanyen ga hannun da ke duban agogo.

Hausa a takarda, Hausa a aji

Yanzu ga dalilin da ya sa na ga wannan magana ta fi ƙarfin a bar ta sai gobe. A watan Maris na 2025 aka fitar da kundin sake gina ƙasa, wanda ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Mun yi murna, mun cika Facebook da WhatsApp da barka. Tambayar da ban ji an yi sosai ba ita ce: wa zai koyar?

Tunanin ba sabo ba ne. Tun 1964 Abdou Moumouni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya fitar da littafinsa kan ilimi a Afirka, inda ya kare koyar da yara da harsunansu. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, ana koyarwa da Hausa. Dokar tsarin ilimi ta 1 ga Yunin 1998 ta sa harsunan ƙasa tare da Faransanci cikin harsunan koyarwa. A 1999 aka kafa ƙa'idojin rubutun Hausa na Nijar, waɗanda da su nake rubuta ƴ ɗin nan da kuke gani. Dokar 2001 ta lissafa harsunan ƙasa guda goma. Kuma a waje an ga amfanin abin: a Ife ta Nijeriya, daga 1970, Babs Fafunwa ya jagoranci gwajin koyar da firamare shekara shida da Yarbanci, yaran kuma ba su gaza ba har a Ingilishi, a gwajin PASEC ɗin nan na 2014, Burundi, inda yaro ke fara karatu da Kirundi, ita ce ta yi zarra a azuzuwan farko.

Ke nan doka muna da ita, hujja muna da ita. Fiye da shekara hamsin ke nan daga 1973, abin da ya hana gwaji ya zama tsari shi ne ƙarancin mutane: malamin da ya iya rubuta Hausa bisa ƙa'ida, wanda ya san yadda ake ɗauke yaro daga Hausa a kai shi Faransanci ba tare da ya zube a tsakani ba, wanda zai samo wa “kusurwa” da “rabawa” da “iskar da muke shaƙa” kalmomin da za su zauna a littafin CE2. Jin Hausa daban, koyar da ita daban. Mu nawa ne cikin masu karanta wannan takarda za su iya rubuta shafi guda ba su haɗe “ya na” da “yana” ba, ba su bar ƙugiyar ƙ ba? Kuma kada mu manta, a jiharmu akwai yaran Fulani da na Buzaye a wajajen Dakoro da Bermo. Ɗaukaka Hausa ba izini ba ne na a yi musu abin da Faransanci ya yi mana. Su ma suna buƙatar malamai masu harshensu.

Ƙofofin da ba a nuna mana

Kuskuren jimlar “kafin in samu aiki” na ƙarshe shi ne ta ɗauka fagen ilimi ɗaki ɗaya ne mai ƙofa ɗaya. Gida ne mai sassa, sai dai ba a zagaya da mu cikinsa ba, a lise ko a jami'a.

Ga makarantar horar da malamai ta Bawa Jangwarzo a nan Maraɗi, da takwarorinta irin su Askiya Muhammad a Damagaram, Kawsen a Tawa da Mali Bero a Doso, inda ake fitar da malaman firamare. Waɗannan makarantu su kansu suna buƙatar masu horarwa, kuma mai lisansi ko mastar a harshe, lissafi ko ilimin halayyar yara yana da gurbi a nan. Ga babbar makarantar horar da malamai ta jami'ar Abdou Moumouni, wadda ke fitar da malaman koleji da lise, sannan malamin da ya yi shekaru a aji ya kan koma can ta konkur ya fito mai ba malamai shawara ko sufeton makarantu. Ga tsangayar kimiyyar ilimi a jami'ar Tawa ga mai son bincike. Ga INDRAP a Yamai, cibiyar da tun shekarun 1970 ke tsara littattafan aji da jagororin malamai. Ga IFAENF, da ke horar da ma'aikatan yaƙi da jahilci da ilimin da ba na aji ba, fagen da ya shafi matan ƙauye da yaran da suka wuce shekarun shiga CI. Ga ɗab'i: kamfani irin Gashingo ya nuna ana iya buga littafi da harsunanmu, kuma ƙamus ɗin Hausa zuwa Faransanci na Abdou Mijinguini shaida ne cewa ɗan Nijar na iya tsayawa kan wannan fage tsawon rayuwa ya bar abin da ake amfani da shi. Ga mai son zurfafa Hausa kanta, jami'ar Bayero a Kano da ta Umaru Musa Ƴar'aduwa a Katsina suna koyar da ita a matsayin fannin digiri.

Wannan ba na ƴan harshe kaɗai ba ne. Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta garinmu ta fi ƙarfi a kimiyya, noma da lafiya. Ɗalibin noma da ya san fadamar Jiratawa, ya san zogale da albasa da yadda ake raba ruwa a gonakin rani, shi ya fi kowa dacewa ya rubuta darasin kimiyya da yaron ƙauye zai gane tun daga layin farko. Ɗalibar lissafi da ta iya bayyana kaso da tiya da mudu ta fi mana amfani a CEG fiye da wanda ya haddace ƙa'ida da Faransanci bai iya warware ta ba.

Dukkan waɗannan ƙofofi suna da sharaɗi guda: ta aji ake bi a kai gare su. Ba ka zama sufeton kirki ba ka taɓa tsayawa gaban yara tamanin ba, ba ka rubuta littafin CP ba ka taɓa ganin inda ɗan CP ke tuntuɓe ba. Wanda ya shiga aji yana jiran mota, shekarunsa a can asara ce a wurinsa. Wanda ya shiga ya san inda ya dosa, shekarun nan su ne jarinsa.

Abin da nake nema

Ga hukuma, buƙatuna uku ne, kuma ba sababbi ba ne, ƙungiyoyi irin su SNEN da SYNACEB sun daɗe suna faɗin wasunsu. A biya malami kan lokaci. A sa wa kwantaragi iyaka sananniya, mutum ya san cewa bayan shekaru kaza da horo kaza zai samu matirikil, ba sai da ɗan'uwa a ma'aikata ba. Sannan a sa iya koyarwa da harshen yaro cikin abin da ake gwadawa kuma ake ƙara wa mutum daraja a kansa, don abin da ba a biya a kansa ba, ba a ɗaukarsa da gaske.

Ga jami'o'inmu, a daina barin ɗalibi ya kai shekara ta uku bai san bambancin ENI da ENS ba. Yini guda a shekara da za a gayyato tsohon darakta, sufeto da mai rubuta littattafai su yi mana bayani ba zai ci kuɗin kirki ba.

Gare mu kuma, ƴan'uwa, ban ce kowa ya zama malami ba. Mai son duwan ya nemi duwan, Allah ya ba da sa'a. Amma in har ka karɓi aji, ko na shekara ɗaya ne, ka kai yaran ƙarshen shekarar, ka nemi wani tsohon malami ya nuna maka yadda ake shirya darasi, ka koyi rubuta harshen da yaran ke ji. In kuma kana cikin waɗanda zuciyarsu ke son wannan aiki amma kunyar fada ta hana su faɗa, ka fara shiri tun yanzu: ka san ranar konkur, ka san takardun da ake nema, ka je Bawa Jangwarzo ka yi tambaya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mu a wannan ƙungiya muna da abin da za mu iya farawa da shi ba sai mun jira kowa ba. Muna da alƙalami, muna da injin hoto da ke buga mana wannan ɗan littafi. A fitowa ta gaba ina ba da shawara mu ware shafi huɗu na gajerun labarai da Hausa mai ƙa'ida, daidai ƙarfin ɗan CP da CE1, mu kai wa malaman da muka sani a Tibiri da Jiratawa su gwada a aji, su dawo su faɗa mana inda yara suka yi dariya da inda suka tsaya. Wanda ke da ra'ayin haka ya same ni ranar taronmu, ya zo da bik ɗinsa.